Ƙurajen fuska bayan an girma: tambayoyin da ake yawan yi min da amsoshinsu

Ni ma sai da na haura shekara 30 ƙurajen nan suka taso min a haɓa, bayan duk 'yanmatancina fuskata sumul take, kuma na ɓata kusan shekara biyu ina shafe-shafe kafin na gane me ke faruwa. Shi ya sa duk wadda ta tambaye ni ko wanda ya tambaye ni bana gajiya da bayani. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Ni da na wuce shekarun balaga, me ya kawo min ƙuraje yanzu?

Ƙurajen fuska ba ciwon yara ba ne kaɗai, akwai masu fama da su a shekara 30, 40, har sama da haka, kuma a manya mata sun fi maza yawa. Wasu tun na balagar ne ba su tafi ba, wasu kuma sabo fil suke zuwa musu. Yadda abin yake, kowace ƙofar gashi a fatarki akwai 'yar jakar maiƙo a gindinta, maiƙon nan shi ke fitowa yana tausasa fata. To idan maiƙon ya yi yawa, matattun ƙwayoyin fata suka haɗu da shi suka toshe ƙofar, sai wata ƙwayar cuta da dama can tana zaune a fatar kowa, sunanta Cutibacterium acnes, ta samu wurin hayayyafa, jiki kuma ya taso zai yaƙe ta, wurin ya kumbura ya yi ja ya tara ruwa. Abu huɗu kenan, maiƙo da toshewa da ƙwayar cuta da kumburi, kuma duk maganin gaskiya da za a ba ki ɗaya ko fiye daga cikinsu yake taɓawa. Gado ma yana ciki, in mahaifiya ko mahaifi sun yi fama da su to ba abin mamaki ba ne.

Me ya sa nawa a haɓa da muƙamuƙi suke fitowa, kuma sai al'ada ta kusa?

Wannan aikin sinadaran jiki ne da ake kira homon. Akwai rukunin da ake ce wa androjen, mace ma tana da shi ba namiji kaɗai ba, shi ne ke zuga jakunkunan maiƙon nan. Kamar sati ɗaya kafin al'ada ma'aunin sinadaran yana sauyawa, sai ki ga manya-manya masu zafi sun fito a ƙasan fuska, irin waɗanda ba su da baki sai dai ki ji su kamar tsakuwa a ƙarƙashin fata. Ciki, haihuwa, daina shan ƙwayar tsarin iyali, gabatowar ɗaukewar al'ada, duk suna iya tayar da su. Allurar tsarin iyali ta wata uku da ashanar da ake sa wa a hannu ma suna ƙara wa wasu matan ƙuraje, in kin lura daga lokacin da aka sa miki suka fara to ki koma ki faɗa wa ma'aikaciyar da ta sa miki, kar ki yanke hukunci ke kaɗai.

Amma 'yar'uwa in ƙurajen sun haɗu da al'ada mai tsallake wata biyu uku, ga gashi yana fito miki a haɓa ko ƙirji, ga ƙiba musamman a ciki, ko kina neman haihuwa shiru, dan Allah ki je asibiti a duba ko PCOS ne, wato matsalar nan ta ƙwan mace da rikicewar homon. Irin wannan ko tirela guda ta mai kika shafa ba za su tafi ba sai an taɓa tushen.

Gaskiya ne ƙazanta ce ke kawo su?

A'a wallahi, kuma wannan maganar ta cuci mutane da yawa. Baƙin ɗigon da kike gani a hanci ba datti ba ne, maiƙon da ya toshe ƙofar ne iska ta taɓa shi ya yi baƙi, kamar yadda yankakken dankali ke sauya kala in an bar shi a buɗe. Saboda an ce datti ne sai mutum ya ɗauki soso ya dinga dirzar fuska sau biyar a rana da sabulu mai kaifi, fata ta bushe ta tsage, kumburin ya ƙaru. Sau biyu a rana ya isa, safe da dare, da sabulu mai laushi da tafin hannu kawai, sai kuma in an yi gumi sosai. Ruwan alwala ba ya cikin lissafi, ruwa ne zalla ba ya cutarwa.

An ce in na yi aure za su tafi, wai sha'awa ce

Mu nawa ne muke da aure da 'ya'ya kuma ƙurajen suna nan? Aure ba maganin ƙuraje ba ne, rashin aure kuma ba shi ke kawo su ba. Abin da ya sa ake ganin haka, da yawa shekarun aurensu ne ke dacewa da lokacin da na balaga ke lafawa da kansu. Ina jin zafin yadda ake tsokanar 'yanmata da samari da wannan maganar a gaban mutane, mutum yana fama da damuwarsa a ƙara masa da kunya.

Gyaɗa da man shanu da ƙwai fa, in daina ci?

Gyaɗa ita ce aka fi ɗora wa laifi a wajenmu, amma bincike bai kama ta da hujja mai ƙarfi ba, haka ma abinci mai maiƙo, man da kika ci ba shi ke zagayowa ya fito ta fuska ba. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne kayan da ke ɗaga sukarin jini da sauri, lemon kwalba, farin burodi, cincin, alawa, shayi mai sukari cokali huɗu, sai kuma madarar shanu ga wasu mutane, da garin furotin ɗin nan na madara da samari masu ɗaga ƙarfe ke sha. Ko su ɗin ma ƙara tayar da ƙurajen kawai suke yi, ba su ne tushen ba. In kina zargin wani abinci ki bar shi wata guda ko biyu ki gani, in ba canji ki ci abinki, kar ki hana kanki ƙwai da gyaɗa a banza ki rame ƙurajen kuma suna nan.

Ina shafa wani mai haɗi, ya kwantar min da su amma ina dainawa sai su dawo ninki biyu

Nan ne inda nake so a tsaya a karanta da kyau, don wannan shi ne ya fi komai lalata fuskokin matanmu, kuma ni kaina a nan na faɗa. Wata mai sayar da kayan gyaran jiki ce ta haɗa min mai a 'yar roba ba suna ba komai, sati biyu fuskata ta yi fes har ana tambayata me nake shafawa, wata huɗu bayan nan ƙananan ƙuraje iri ɗaya suka rufe min goshi da kumatu, fatar ta yi siriri in na shiga rana kamar an zuba min barkono.

Abin da ke cikin yawancin irin waɗannan mayukan sitiroyid ne. Ki duba jikin kwali ko tub ɗin, in kin ga clobetasol ko betamethasone to shi ne. Har da mayukan nan na kemis da ake cewa uku-cikin-ɗaya, masu maganin ƙaiƙayi da makero da komai, galibinsu akwai shi a ciki. Magani ne na gaske mai amfani ga wasu cututtukan fata in likita ya rubuta na 'yan kwanaki, amma a fuska wata da watanni yana kashe kumburi na ɗan lokaci ne kawai, yana sa haske, sannan ya sirantar da fata, jijiyoyi su fito, gashi ya tsiro, ya kuma haifar da nasa ƙurajen. Kina dainawa fatar ta yi bore, ki tsorata ki koma, haka za ki yi ta zagaye. Mayukan bilicin kuma bayan sitiroyid wasu akwai hydroquinone mai yawa da sinadarin makuri, wato zaiba, mai taɓa ƙoda, shi ya sa a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

In kin daɗe kina shafawa, ki sani cewa in kin daina sai fuskar ta ƙara ɓaci na wasu makonni kafin ta dawo hayyacinta, kuma ya fi kyau likita ya tsara miki yadda za ki janye a hankali. Lokacin nan yana da wuya, ni har biki na ƙi zuwa, amma yana wucewa. Sannan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, masu dexamethasone a ciki, su ma suna feso ƙuraje a fuska da ƙirji da baya, ban da hawan jini da ciwon suga da suke jawowa.

To wane magani ne yake aiki da gaske?

Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali don ki iya nema.

Benzoyl peroxide yana kashe ƙwayar cutar yana rage kumburi, yana zuwa a kashi 2.5 da 5 da 10 cikin ɗari, ki fara da ƙaramin don aikinsu kusan ɗaya ne amma babban ya fi busar da fata. Yana cin kalar kaya, don haka ki kula da hijabinki da tawul da rigar filo, fari ya fi.

Adapalene na kashi 0.1 shi ne ke hana ƙofofin toshewa tun farko, ɗan'uwansa kuma tretinoin ya fi shi kaifi. Da dare ake shafawa, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ɗaya ga duk fuska, a busasshiyar fata, kuma duk wurin da ƙurajen ke fitowa ake shafawa ba kan ƙurjin kaɗai ba, don wanda zai fito wata mai zuwa ake tarewa. Ki fara da sau biyu ko uku a sati. Makonnin farko fata za ta ɗan yi saɓa, wasu ma ƙurajen su ɗan ƙaru, a nan ne mutane ke jefar da shi su ce bai karɓe su ba, alhali bai ma fara aiki ba.

Azelaic acid na kashi 15 ko 20 ina sonsa ga masu irin fatarmu don yana taɓa ƙurajen yana kuma rage baƙin tabo. Salicylic acid na kashi 2 da ake samu a sabulun wanke fuska yana taimaka wa masu ƙanana da baƙin ɗigo.

In abin ya fi ƙarfin na shafawa likita kan haɗa da antibayotik na sha, galibi doxycycline, na wata uku zuwa huɗu, tare da na shafawar ba shi kaɗai ba. Ana shansa da ruwa kofi cike kuma ba a kwanciya nan take don yana iya ƙona maƙogwaro, masu shansa da sahur a azumi su lura da wannan, kar a haɗiya a koma barci. Ga mata akwai ƙwayar tsarin iyali mai haɗin homon biyu da kuma spironolactone, suna aiki sosai a kan na haɓa da muƙamuƙi, amma duka sai likita ya duba hawan jini da sauran abubuwa.

Har tsawon wane lokaci zan jira?

Sati 6 zuwa 8 kafin ki fara ganin canji, sati 12 kafin a ce magani ya yi ko bai yi ba. Ƙurjin da ya fito yau tun makonni baya ya fara haɗuwa a ƙarƙashin fata. Matsalarmu sati ɗaya in ba mu gani ba sai mu canza, wannan ƙawar ta kawo nata waccan ta kawo nata, a wata uku an shafa abu bakwai ba wanda aka ba dama. Ki ɗauki hoton fuskarki ranar da kika fara, a wuri ɗaya haske ɗaya, ki sake bayan kowane wata, madubin kullum ba ya nuna canji. Kuma in sun kwanta ba a daina na shafawar gaba ɗaya, ana ci gaba da adapalene ɗin ko da sau uku a sati ne.

Na ji ana maganar isotretinoin, wai shi ne ƙarshe

Shi ne mafi ƙarfi, tun 1982 aka amince da shi a Amurka, ana ba masu manyan ƙuraje masu barin rami ko waɗanda komai ya ƙi yi musu. Yana ƙanƙantar da jakunkunan maiƙon ne, ana sha kamar wata biyar zuwa shida ko fiye, kuma da yawa suna rabuwa da ƙurajen na dogon lokaci. Amma ba maganin da za ki saya a intanet ko wajen mai kemis ki fara sha ba ne. Yana nakasa jariri a ciki, nakasa mai tsanani, don haka macen da za ta sha dole a gwada ba ta da ciki kuma ta yi tsarin iyali mai ƙarfi lokacin shan har wata guda bayan gamawa, ba a ba da jini a lokacin, ana gwajin hanta da kitsen jini, leɓe yana bushewa sosai, kuma in mutum ya ji yanayin ransa ya sauya ya gaya wa likita nan da nan. Ba a haɗa shi da doxycycline.

Ina da ciki, me zan iya shafawa?

Ki ajiye adapalene da tretinoin, kar ki sha doxycycline ko spironolactone, isotretinoin kuwa ko kusa. Azelaic acid da ɗan benzoyl peroxide su ne likitoci suka fi bari, amma ki nuna a wajen awo kafin ki fara. Mai shayarwa ma ta tambaya.

Lemon tsami, makilin, kanwa, tafarnuwa fa?

Dan Allah a bari. Lemon tsami a fata in rana ta taɓa shi ƙuna yake yi ya bar baƙin tabon da ya fi ƙurjin daɗewa, makilin na haƙori ne, kanwa da toka suna cinye fata, tafarnuwa ɗanya kuwa na ga wadda ta ɗaure ta a kumatu ta kwana ta tashi da ƙuna kamar ta wuta. Zuma da kurkur ba su cika cutarwa ba amma ba za su warkar da manyan ƙuraje ba. Sabulun salo wasu yana musu daidai wasu yana busar musu da fata ƙwarai, in kin ji fuska tana ɗaurewa bayan wanka to ya miki kaifi. Dilka da halawa kuma a bar su a jiki, fuskar da ke da ƙuraje masu ruwa ba ta son dirza, amare a kula da wannan, gyaran sati biyu kafin biki ya sha tayar wa mutane da fuska.

Fuskata maiƙo gare ta, sai na shafa mai kuma?

Eh, musamman in kina amfani da magungunan nan masu busarwa, balle da hunturu. Sai dai mara nauyi, wanda aka rubuta ba ya toshe ƙofar gashi. Man kwakwa da man gashi masu kauri su ne ke jawo ƙananan ƙuraje a goshi da gefen kunne, don suna gangarowa daga kai. Hoda da fandeshan ba haramun ba ne ga mai ƙuraje, kawai a wanke kafin barci, a wanke soso da burushin kwalliya, kar a yi aron na wata. Duk abin da ke gogar fata cikin gumi ma yana tayar da su, bakin hijabi a haɓa, niƙabi, takunkumi, igiyar hular kwano ta masu babur, sai a dinga canzawa ana wankewa.

Ƙurajen sun tafi amma baƙin tabo ya ƙi tafiya

Mu masu baƙar fata wannan ya fi damunmu fiye da ƙurjin kansa, duk inda fata ta kumbura sai ta zuba launi a wurin. Tabon da yake a shafe, ba rami ba, yana gogewa da kansa amma yana ɗaukar watanni, wani har shekara. Abu uku ke gaggauta shi, a tsayar da sababbin ƙuraje, a daina matsa, a kuma shafa man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama a jikin kwalinsa kullum da safe, don ranarmu tana ƙara dafa tabon. Azelaic acid da adapalene suna taimakawa. Matsar nan kuwa na san daɗinta, hannu ba ya haƙuri, amma kina matsawa rabin abin ciki yake fashewa, ƙurjin kwana biyar ya zama tabon wata shida. Tabo mai rami ko mai tudu shi mai ba ya gyara shi, sai aikin likitan fata.

Ni namiji ne, nawa a gemu da ƙeya suke bayan aski

Ɗan'uwa wannan sau da yawa ba irin waɗancan ba ne. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka aske shi ƙasa-ƙasa da reza sai tsinin ya lanƙwasa ya koma cikin fata ya yi ƙurji. Maganinsa na farko a daina askin ƙwal, a yi amfani da kilifa a bar ɗan tsawo, a bi yadda gashin ya kwanta, in da hali ma a bar gemun ya huta wata guda. Na ƙeya kuma masu tauri da ke haɗewa su zama tudu, kar a bari su girma, kar a bari wanzami ya tsaga, a je asibiti da wuri don in suka zama tabo gashin wurin ba ya dawowa. Kuma ka sayi kilifarka in za ka iya.

Nawa ƙanana ne iri ɗaya kuma suna ƙaiƙayi

Ƙurajen fuska na asali ba su cika ƙaiƙayi ba. In ƙanana ne girmansu ɗaya a goshi da ƙirji da baya, suna ƙaiƙayi in an yi gumi, zai iya zama wani naman gwari ne mai suna Malassezia, shi antibayotik ƙara masa ƙarfi yake yi, maganinsa daban ne. Zai kuma iya zama ƙurajen zafi na bazara ko na sitiroyid ɗin da na faɗa a sama.

Yaushe ya kamata in je asibiti, kuma wajen wa?

In kin yi wata uku kina shafa na gaskiya yadda ya kamata ba canji, in manya ne masu zafi, in sun fara barin rami, to ki je asibiti. In kuma sun taso farat ɗaya bayan fara wani magani kamar na farfaɗiya ko na tarin fuka, kar ki daina maganin, ki koma wajen wanda ya rubuta miki. Haka in abin ya fara hana ki shiga mutane ko kina kuka a kansa, wannan ma dalili ne cikakke, ba raki ba ne. Likitan fata ake nema, kuma an fi samunsu a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, in babu kusa da ke likitan babban asibiti ma zai iya fara miki ya tura ki gaba. Ranar zuwa ki je ba kwalliya, ki tattara duk abin da kike shafawa da wanda kike sha a leda ki tafi da su, har da na robar nan mara suna, ki kuma rubuta kwanakin al'adarki na wata uku da suka wuce.